Man Shafawa, Sau Uku a Rana

Ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe wata likita ta yi wa matata tambaya, ni kuma na amsa. Ranar Alhamis kafin azahar matata ta rasu. Wata bakwai ke nan. Duk wanda ya zo mini gaisuwa ya san zancen Alhamis. Na Talata ni kaɗai na riƙe shi, har shekaranjiya.

Da yawanku kun rubuto mini a ƙasan labarin nan kuna cewa, "Baba, ka yi haƙuri, kwana ne ya ƙare." Na gode. Na san kwana yana ƙarewa, na karanta hakan a littattafai fiye da yadda kuka karanta. Ku dai bari in gama.

Shekara talatin da ɗaya na yi a maɗaba'a ina gyaran rubutun mutane. A kawo mini shafi, in bi shi da jan biro, in cire abin da bai dace ba, in sa abin da marubucin ya so ya faɗa ya kasa. Na ƙware har aikin ya biyo ni gida. Matata tela ce, kekenta na falo a jikin taga, ƙasa kullum cike da guntayen yadi da zare. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma bakinta ya fi alƙalamina kaifi. Ita ta sa mini suna Ƙamus. In ta yi magana na gyara mata, sai ta ce, "To Ƙamus, mun ji," ta ci gaba da taka kekenta. Shekara ashirin da tara muna haka. Na ɗauka wasa ne tsakaninmu. Wataƙila ma wasan ne.

Da safen Talatar nan ta miƙe daga kan keke, sai ta dafe bango. Gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Ƙamus, bayana."

"Me ya same shi?"

"Kamar ana yaga ƙyalle a cikina. Ka san sabon yadi in aka ɗan tsaga bakinsa aka ja? Haka."

"Mutum ba shi da yadi a ciki," na ce. "Tsoka ce ta riƙe miki. Ɗauko mayafinki."

Sashen gaggawa na asibitin da ke kusa da mu ɗaki ne mai tsawo, benci na ƙarfe a jere, fanka biyu, ɗaya ce ke juyawa. Nas ta yanka mana kati, ta auna jininta, ta ce mu jira. Muka jira awa ɗaya da rabi tsakanin wani mai karyayyen hannu da wata tsohuwa mai tari. Matata na sanye da doguwar rigarta ruwan toka wadda ta ɗinka da kanta, allura biyu maƙale a ƙirjin rigar, ta manta ba ta cire ba.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yarmu ba. Farar rigar ta yi mata yawa, tabarau na zamo mata a hanci. Ta ja labule ta zauna.

"Mama, ina ke miki ciwo?"

"Ƙasan baya ne, likita," na ce. "Wajen ƙugu."

"Yaya ciwon yake, Mama? Suka ne, ko zugi?"

"Kamar ana..." matata ta fara.

"Zugi ne," na ce.

Ku ji dalilina, don ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Kunya na ji. Ban so wannan yarinya mai ilimi ta ji matata na zancen yadi da ƙyalle a gaban teburinta ba. Na ga jimla mara kyau, na gyara ta.

"Ta ɗaga wani abu mai nauyi?"

"Keken ɗinkinta ta matsar."

Gaskiya ne ta matsar da shi. Ranar Asabar, kwana uku da suka wuce, kuma bai fi taƙi ɗaya ba, don rana na dukan fuskarta. Amma labari ba ya tsayuwa ba dalili, ni kuma na saba cike giɓi.

"Wannan gumin fa?"

"Ɗakinku ne ba iska."

Likitar ta dubi matata kai tsaye. Na tuna wannan sarai, ta dube ta. "Mama, haka ne?"

Matata ta kalle ni, ta kalli likitar. "Tunda ya faɗa, haka ne."

Aka danna bayanta, aka ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi fitsari, aka tambayi ko ƙafa na mutuwa. Sannan likitar ta rubuta ƙwayoyi da man shafawa. Ba ta yi mana ƙarya a kan man ba. Ta ce ba abin mamaki zai yi ba, wasu yana ɗan rage musu raɗaɗi a kwanakin farko, wasu ba sa jin bambanci. A shafa sau uku a rana, a wanke hannu bayan an gama. Ta ɗaga yatsa ta ƙara da cewa, "In ciwon ya ƙaru, ko ta ji jiri, ko ya zagayo ciki, ku dawo nan take. Kada ku jira gobe."

A gida na warware takardar da ke cikin kwalin na karanta ta ciki da bai. Na sami kuskuren rubutu biyu. Man yana cikin mazubi irin na man goge baki, fari ne garai-garai, yana ƙamshin asibiti. Matata ta gwada shafawa da kanta, hannunta ya kasa juyawa.

"Sai dai ka taimaka, in ba zai ɓata maka karatu ba."

Ta kwanta rub da ciki a kan gado. Na zauna a gefe, na matso man a yatsa biyu kamar yadda takardar ta ce. A nan na gane na yi shekaru ban ga bayan matata da rana ba. Akwai wata tawadar Allah a ƙasan kafaɗarta ta hagu da na manta da ita ɗungurungum.

"Wash! Hannunka sanyi kamar na mai sayar da ƙanƙara."

"Man ne mai sanyi."

"Man ne ko mai man?"

Na shafa a hankali, ina zagayawa. Da na gama na ce, "Yaya?"

"Da sauƙi."

Haka da yamma, haka Laraba sau uku. Kullum in na tambaya sai ta ce da sauƙi. Ba ta koma kan keke ba, ba ta cin abinci sosai, amma ta ce da sauƙi, ni kuma na yarda, har ina yaba wa kaina cewa tun farko na faɗa tsoka ce.

Alhamis da hantsi ta faɗi a ƙofar banɗaki. A asibiti wannan karon ba mu zauna a benci ba. Aka gudu da ita, aka ɗauki hoton cikinta. Wani babban likita mai furfura ya fito ya ce babbar jijiyar jinin da ke ratsa ciki ce ta kumbura ta tsage, tun kwana biyu take yoyo a hankali, yanzu ta buɗe gaba ɗaya. Ana shirya ɗakin tiyata ta cika.

Daga baya likitan ya zaunar da ni. Ya ce irin wannan ciwo yakan yi shigar ciwon baya. Ya ce, "Masu shi kan ce kamar ana yaga wani abu a cikinsu. Ta taɓa faɗin haka?"

Na ce ban tuna ba.

'Yarmu ɗaya ce tal. Auta muke kiranta, ko da yake ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Tana aiki a wani ofis, kuma ta gaji taurin kaina da bakin uwarta, haɗin da ba na yi wa kowa fata. Tun sati na biyu ta ƙudurta cewa yarinyar likitar ce ta kashe mata uwa. "Mace ta zo jini na zuba a cikinta, ki ba ta man shafawa? Man shafawa, Baba!" Ta rubuta ƙara shafi huɗu zuwa hukumar da ke hukunta likitoci. Abu ɗaya ya rage, sa hannun mijin mamaciya, wanda yake wurin ya ji komai. Wata biyar takardar na kan teburina. Na ce akwai kurakurai, na gyara, ta sake bugawa. Na ce tsarin bai yi ba, ta sake. Ranar Lahadi ta turo mini saƙo:

"Baba, an ce wa'adin shigar da ƙara na ƙarewa ƙarshen wata. Ko ka sa hannu ko ka faɗa mini dalili."

Ban amsa ba. In na sa hannu, na shafa wa yarinyar mutane laifina, a ƙwace mata aiki. In na faɗi dalili, na rasa mutum ɗaya da ya rage yana kirana Baba.

Ita kuma yayata damuwarta daban ce. Ta samo mini wata bazawara a layinsu, "mai hankali, ba ta da surutu," kamar dai surutu ne ya dame ni. Har ta ba ta lambata. Kowace safiya sai saƙo ya shigo da hoton fure: "Barka da asuba, ya ƙarin haƙuri?" Yaya ta ce mace ba za ta shigo gida ta tarar da keken wata a falo ba, in kai shi ɗakin ajiya. Shekaranjiya na gaji da mitarta na sunkuya na ɗaga shi. Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na durƙushe a kan guntayen yadin da har yau ban share ba.

Auta ta baro ofis ta zo ta kwashe ni zuwa asibitin. Benci ɗaya, fankar da ba ta juyawa har yanzu ba ta juyawa. Da aka kira mu muka shiga bayan labule, sai ga yarinyar likitar nan, tabarau na zamo mata a hanci. Ta rame. Ta dubi katin, ta dube ni, na ga ta gane ni. Auta ba ta taɓa ganinta ba, amma ta karanta sunan da ke jikin rigar, na ji numfashinta ya canza.

"Baba, ina ke maka ciwo?"

"Ƙugunsa ne," in ji Auta, murya a bushe. "Keken ɗinki ya ɗaga."

Likitar ta ajiye biro. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Bari ya faɗa da bakinsa."

"Ai ni na kawo shi, na san..."

"Na sani. Amma shi ke jin ciwon. Baba, faɗa mini yadda kake ji, ko da kalmar da ta zo maka. Kada ka gyara."

Ban san ko da gangan ta ce haka ba. Na faɗa mata. Ta saurara har na kai aya. Ta auna jinina a hannu biyu, ta kwantar da ni ta daɗe tana danna cikina tana kallon fuskata, ta sa aka kawo na'urar hoto duk da layin da ke waje. Sai da ta gamsu ta ce tsoka ce. Ta rubuta ƙwayoyi, ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta man. Da za mu fita ta ce a hankali, "Allah ya jiƙan Mama." Auta ta ja hannuna ba ta ko waiwaya ba.

A mota ta ce, "Ka gani? Yau ta iya aiki. Da ta yi wa Mama rabin wannan!"

Muka iso gida da la'asar. Wayata ta yi ƙara, Yaya ce: "Na ji labari. To yanzu wa zai shafa maka magani? Ka ga amfanin maganata?" Na kife wayar.

Na kwanta rub da ciki a kan doguwar kujerar falo. Auta ta naɗe hannun rigarta ta ofis, ta ɗaga bayan rigata, ta matso man. Kafin ta fara ta ajiye takardar ƙarar da biro a ƙasa, daidai inda idona zai sauka.

"In na gama sai ka sa hannu."

Man ya taɓa fatata da sanyinsa. Fuskata na cikin matashi, ba na ganin ta. Ina jin shi ya sa na iya. Mutum irina ba ya faɗin gaskiya ido cikin ido.

"Auta, layi na shida a shafin farko. Inda kika ce likitar ba ta tambayi Mamanki yadda ciwon yake ba."

"Me kuma ya same shi? Waƙafi?"

"Ta tambaye ta. Sau biyu. Ni na amsa."

Hannunta bai tsaya ba tukuna.

"Mamanki ta gaya mini tun a gida, ta ce kamar ana yaga ƙyalle a cikinta. Ta buɗe baki za ta faɗa wa likita, na tare ta na ce zugi ne. Ni na ce ta ɗaga keke. Ni na ce gumin na zafin ɗaki ne. Da babban likita ya tambaye ni ko ta taɓa cewa ana yaga wani abu, na ce ban tuna ba. Na tuna."

Yanzu hannun ya tsaya. Ina jin tafin hannunta a ƙuguna, ba motsi. A waje wani na ta danna hon.

"Don me?"

"Kunya na ji. Maganar ba ta yi mini kama da ta masu ilimi ba."

Na jira ihu. Na jira ta ce mini abin da nake ce wa kaina wata bakwai. Sai na ji ta tashi, ta shiga kicin, famfo ya daɗe yana zuba. Na ce a raina shi ke nan, daga nan sai ƙofa. Amma ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da kaina, ta jingina da kujerar, ta ba ni baya. Wayarta na hannunta.

"Likitar ta ce ku dawo in bai yi sauƙi ba?"

"Ta faɗa."

"Me ya hana ku?"

"Mamanki ta ce man na aiki."

Auta ta yi wata dariya mara daɗin ji. Ta daɗe tana jan allon wayar sama, sannan ta danna. Saƙon murya ne, na ranar Laraba da rana. Muryar matata ta cika falon, ƙasa-ƙasa, irin ta mai gulma.

"Auta, kina aiki ko? Ki ji wani abin dariya. Babanki ne ke shafa mini mai a baya. Wallahi, Ƙamus da kansa, da hannunsa! Sau uku a rana, har agogo yake dubawa. Ciwon kam yana nan, ko gezau bai yi ba, har ya ɗan zagayo mini ciki. Amma kada ki gaya masa. In ya ji man ba ya aiki zai ce ɓata lokaci ne, ya koma kan littafinsa. Bari in ɗan mori abina zuwa ƙarshen sati, sai mu koma asibitin."

Sai ta yi dariya, dariyar ta katse da ɗan nishi, saƙon ya ƙare.

"Ka san me na mayar mata?" in ji Auta, ba ta juyo ba. Ta ɗago wayar ta saman kafaɗarta don in gani. Fuskoki uku masu dariya har da hawaye, a ƙasa ta rubuta: "Amarya, a sha soyayya lafiya."

"Ta ce ya zagayo ciki, Baba. Na ji da kunnena. Ina da taro ƙarfe biyu."

Ba mu rungumi juna ba, in abin da kuke jira ke nan. Ba gidan runguma ba ne. Ta ɗauki takardar ƙarar ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa, ta tura a jakarta. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban ce mata ba laifinta ba ne, don ta san ni, za ta gane ina gyara ne. Ta rufe mazubin man ta ajiye a hannun kujera, ta ce za ta zo gobe kafin ofis. Jiya ta zo, yau ma ta zo. Tana shafawa, ba ta magana. Ban san ko wannan hukunci ne ko rahama ba.

Abin da ke cin raina daban ne. Matata ta zauna da ni shekara ashirin da tara, ta auna ni kamar yadda take auna yadi, ta yanke cewa ba zan taɓa bayanta ba sai da takardar likita. Ta zaɓi ciwo a kan ta rasa wannan. Kuma awonta bai yi kuskure ba, sai a wuri ɗaya.

Safiyar Alhamis ɗin, man ya riga ya bushe a fatarta, takarda ta ce minti biyu ya isa, ni kuwa na wuce goma ina zagayawa da hannuna, ban duba agogo ba. Ta juyo da kanta a kan matashi ta ce, "Ya isa haka, Ƙamus. Hannunka ya gaji."

Amsar na bakina. Na juya ta, na ga ta yi kama da zancen yara, ba ta dace da mai furfura ba. Na ce bari in ajiye ta sai shafawar rana, in na samo yadda zan faɗe ta da kyau. Na tashi na je wanke hannu.

Kalma uku ce, ba abin gyarawa a cikinta. Ban gaji ba.